Kabarin da Nomau Ya Fara Haƙa

Duk Birnin Damagaram babu wanda bai san Nomau majemi ba, ko don warin bagaruwar da ke shiga wuri kafin shi. Ɗan Gidimuni ne. Yana saurayi mahara suka kama shi a bakin tafki, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Jirgin Nasara ya ƙwace su daga hannun fataken bayi, shi da sauran bayi, aka sauke su a Saliyo, can ya karɓi addinin Almasihu. Bayan shekara ashirin ya ɗauko ƙafa ya dawo neman uwarsa, ya tarar har gidansu ya zama gonar gero.

Sai ya zauna a majema, shi kaɗai da addininsa. Ba a kore shi ba, don fatar da ya jeme ta fi ta kowa laushi, amma ba a cin tuwo da shi ƙwarya ɗaya. Maƙwabcinsa a ramin jima, Mutari, baki gare shi kamar reza.

"Tsoho, ranar da ka mutu wa zai ɗauke ka? Kura ce magajiyarka."

Nomau yakan ce, "Ubangijina ya yi alkawari ba zai bar ni ba, ba zai yashe ni ba."

Baki ne ke faɗa, amma maganar kurar nan ta zauna masa a ƙirji. Ya ga yadda ake jefar da bawan da ba shi da kowa a bayan ganuwa, ya kuma ga abin da ake tararwa da safe. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Da tari ya kama shi, liman ya aiko cewa ya yi kalmar shahada, a yi masa sutura kamar kowa. Nomau ya kwana uku yana juya maganar, har da hawaye, sannan ya aika da godiya ya ce a'a.

Ya ari dagi, ya fita bayan ganuwa tsakanin duwatsu, ya fara haƙa wa kansa kabari. Ƙasar wurin kuwa sai ka ce ƙarfe. Kwana huɗu bai kai gwiwa ba, jiki ya ƙi. Ya kwanta mako biyu yana tambayar Ubangiji ina alkawarin, bai ji amsa ba.

Ran nan da hantsi ya rarrafa ya koma, ko taƙi ɗaya ya ƙara. Ya tarar da rami ya kai ƙirji, an jera duwatsun rufi a gefe. Mutari na ciki, gumi sharkaf, hannuwansa duk sun yi kanta sun fashe.

"Kada ka sa rai, tsoho, salla kam ba zan yi maka ba," in ji Mutari, ko ɗaga kai bai yi ba. "Amma kura ba za ta ci maƙwabcina ba. Miƙo mini dagin nan."

Nomau ya miƙa masa. Ya zauna a bakin kabarinsa yana kuka.