Yadda Ruwan Wankin Furera Ya Kai Gaisuwa Daura

A Ƙofar Durbi, in ka ce Malam Siddiƙu sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Siddiƙu Mai Waya, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan. Shekara ashirin da bakwai ya yi a gidan waya yana buga tangaraho, saƙon nan na ɗigo da ja da ake aikawa da yatsa a kan maɓalli. Da ya ajiye aiki, sa'o'insa suka buɗe shaguna, wasu suka koma gona. Shi kuwa sai ya share ɗakin da ke bayan zaure ya cika shi da matattun rediyoyi, yana cire hanjin wannan yana dasa wa wancan. Matarsa Furera takan ce ita da kwalaben nan na cikin rediyo aka aura rana ɗaya.

Mutane sun ɗauka rashin aikin yi ne, alhali akwai dalili. Malam Babaji, wanda ya koya masa aikin tun yana saurayi, ya koma Daura, kuma shekara shida ke nan da idanunsa suka tafi. Mutumin da ya karanta saƙon sarakuna da na gwamnoni, yanzu wasiƙar ɗansa ma sai an karanta masa, abin na cin ransa ƙwarai. Amma kunnensa garau yake. Siddiƙu ya haɗa akwatin saurare, ya kai masa har gida, ya yi alkawari zai buga masa wasiƙar da ba mai karanta masa sai shi da kansa.

Alkawarin ya daɗe a ajiye, don zamanin soja ba mai hankalin da zai so a gan shi da na'urar aika saƙo a ɗaki. Da soja suka koma bariki a ƙarshen 1979, washegari Siddiƙu ya rubuta wa hukuma a Ikko yana neman izini. Cikin Janairu amsa ta zo: izinin gwaji na wata uku kacal, a ƙasan matsakaicin zango, dab da dogon zango. Ranar har rawa ya taka a tsakar gida, tsofai-tsofai da shi. 'Yan tsirarun masu irin wannan sha'awa duk gajeren zango suke bi, amma shi ya san halinsa: tsalle yake yi, ya dira ƙasar Turawa ya bar Daura a baya. Zangon da ya zaɓa rarrafe yake a doron ƙasa, kuma abu biyu yake so, doguwar eriya da waya ta biyu da aka haɗa da ƙasa sosai.

Eriyar sai da ta ratsa saman gidaje bakwai. Ka san ƙa'idar cikin gari, namiji ba ya hawa soro sai ya yi shela. Kwana huɗu unguwa ba ta huta da muryarsa ba: "Za a hau sama! A shiga ɗaki!" Mata suka riƙa barin daka da tankaɗe suna gudu ɗaki suna tsaki, har Safara'u, maƙwabciyarsu, ta aiko a tambaye shi ko a sama zai tare.

Wayar ƙasa kuwa ya bi littafinsa na Turanci harafi da harafi. Ya kafa bututun jan ƙarfe ƙafa shida a bayan ɗakin, ya share wurin fes, sannan ya kafa wa Furera doka: kada ɗigon ruwan wanki ya kusanci bututun nan, sabulu zai cinye shi. Nan fa malamin namu ya yi kuskure. Wanda ya rubuta littafin a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa yake, bai taɓa ganin ƙasar Katsina da rani ba, busasshiya kamar garin rogo.

Kowace Asabar da hantsi Siddiƙu ya kunna na'ura ya buga, Babaji ya kasa kunne a Daura. Allurar da ke nuna ƙarfin fitar saƙo ko zanen farko ba ta wucewa. Da la'asar Bala, direban motar Daura, ya leƙo zaure ya ce, "Baba ya ce a hwaɗa maka shiru." Haka aka yi Asabar goma sha biyu. Siddiƙu ya canza kwalabe, ya sake naɗa waya, ya ƙara hawa soraye bakwai, duk a banza. Saura Asabar ɗaya izinin ya ƙare, abinci ma ya daina shiga.

Ranar Alhamis ya tafi ɗaurin aure Gobarau. Furera ta yi wankin mako, magudana ta toshe, ta duba gabas ta duba yamma, ba wuri mai shan ruwa sai gindin bututun nan. Dama tana cike da Siddiƙu. Ta juye baho shida, ta koma ta zauna abinta.

Da ya dawo ya ga taɓo, sai da hularsa ta karkace. "Furera! Mi na ce maki? Kin kashe mani aiki!"

"Malam, aikin da bai taɓa rai ba, ta ina zan kashe shi?"

Ya shiga ɗaki yana huci, ya kunna don ya ga iyakar ɓarna, ya danna maɓalli. Allura ta zabura ta wuce rabi. Ya sake, ta sake. Ya fito ba takalmi yana ihu, "Ƙishirwa ce! Ashe ƙishirwa ƙasar take ji! Ina sauran ruwan?"

Sai dai ruwa a wannan lokacin ba abin wasa ba ne, rijiyoyi sun ja baya, kuma kafin Asabar rana za ta shanye taɓon. Furera ce ta ɗauki mayafi ta shiga gidajen nan bakwai. Ba ta yi musu bayanin zango ba. Cewa ta yi akwai tsoho makaho a Daura da ke jiran gaisuwa, kowa ta ɗage wankinta zuwa safiyar Asabar, kuma kada a zubar da ruwan.

Ranar Asabar, abin sai wanda ya gani. Aka kulle Siddiƙu a ɗakinsa, mata suka yi ta shigowa da bahuna da ƙwarya, ana dariya ana juyewa. Daga ciki ya ɗaga murya ya ce a jiƙa kanwa da gishiri a ƙara. Safara'u ta ce, "Yau kuma miya za a yi wa ƙarhe?" amma ita ta kawo kanwar. Da aka gama ya ce kowa ta ja da baya, ya kunna. Allura ta tafi har ta jingina da ƙarshe.

Ya yi niyyar buga lambar izininsa kawai ya yi ta maimaitawa, kamar yadda masu gwaji ke yi. Ya buga ta sau uku, sai ya ji kunya ta kama shi. Ta yaya zai yi wa malaminsa magana ba gaisuwa? Ya gyara zama ya fara daga tushe, harafi bayan harafi: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, yaya ƙarfin jiki. Rabin sa'a cur ya yi, bai faɗi komai ba ban da gaisuwa.

La'asar ta yi, Bala bai zo ba. Siddiƙu ya fita ƙofar gida ya dawo ya fi sau goma. Dab da magariba sai ga shi da gudu, yana ɗaga takarda sama. Jummai, 'yar Babaji, ce ta rubuta da shiftar mahaifinta. Furera da Safara'u suka laɓe a bakin zaure, Siddiƙu ya karanta da ƙarfi:

"Lahiya lau. Ba gajiya. Iyali suna lahiya. Zahi lokacinsa ne. Jiki da godiya. Har yanzu kana gaggawa a ƙarshen kalma, ka gyara. Siddiƙu, yau na karanta wasiƙata da kaina, ba wanda ya taya ni."

Guɗa ta tashi daga zaure ta bi gidaje bakwai. Siddiƙu ya nemi ya sake karantawa, amma ya kasa ganin rubutun don hawaye, sai ya miƙa wa Furera takardar ya ce ta ajiye masa.