Hadarin Digil a akwatin gwamnati

Abubuwa da yawa na aikin nan sun fice mini daga kai, amma ban taɓa mantawa da yinin da wata tsohuwa a ƙauyen Digil ta kama ni da satar ruwan sama ba. Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar hoto kamar kuna kaɗa ƙuda, ku matso ku ji yadda muka sha a wancan zamani.

Shekarun farko ne bayan ƙuri'ar raba gardama da ta haɗe yankinmu da ƙasar nan, lokacin da Mubi ta zama hedikwatar lardi, ofisoshi suna ta tsirowa, kowane da tebur da kujera da mutumin da bai san abin da aka ɗauke shi ya yi ba. Ni, Sabo, ɗan masu sayar da yadi a unguwar Yelwa, aka ɗauke ni a ofishin yaɗa labarai a matsayin mataimakin mai ɗaukar hoto. Shi mai ɗaukar hoton da zan taimaka wa ba a taɓa ɗaukarsa ba, don haka ni nake taimaka wa kaina. Kuma ina cikin gwaji. Ga wanda bai yi aikin gwamnati ba, gwaji shi ne lokacin da kai ma'aikaci ne da safe, amma da yamma ana iya ce maka an gode. Sai shugabanka ya sa hannu a tabbatar da kai kafin ka iya zuwa neman aure da bakin ɗan albashi, ni kuwa a lokacin akwai gidan da nake zuwa.

Shugabana shi ne Malam Hammawa, babban jami'i. Ya taɓa yin kwas na 'yan watanni a Ingila, ya dawo da lema da lofe da wani irin tari da yake yi kafin ya yi magana. Wata safiya a farkon damina ya kira ni ya ce daga sama an ba da umarni a buga kalanda mai nuna kyawun sabon lardi.

“Ba na son hoton sarki a kan doki, ba na son hoton famfo,” in ji shi. “Duwatsu nake so, da gajimare a kansu, irin wanda ake gani a katin gaisuwa a can. Ka kawo mini shi, Sabo, in sa hannu a takardarka. Ka kasa, to, na ji an ce babanka na neman mai auna masa yadi.”

Ya ba ni fim guda ɗaya tak, ya ce sauran yana hanya daga Kaduna. Duk wanda ya san hanyar nan a lokacin ya san ma'anar “yana hanya”.

Bari in yi muku bayanin sana'ar, don a nan matsalar take. Hoton lokacin fari da baƙi ne. In ka nuna kyamara sama haka kawai, sararin da gajimaren duk fari fat za su fito, kamar ka ɗauki hoton bangon asibiti. Sai ka ɗaura wa idon kyamarar wani ɗan gilashi ruwan ɗorawa, shi ke sa sararin ya yi duhu, gajimaren ya fito ɓul. Sannan ba kowane gajimare ne ke da kyau ba. Wanda muke nema shi ne fari, mai tudu-tudu kamar tarin auduga a kasuwa, yana tsaye shi kaɗai, rana na haska shi ta gefe. Hadarin gaske kuwa, baƙin nan da ke shimfiɗe sama ɗaya, ba shi da fasali a hoto, ga shi yana iya jiƙa kyamara, jiƙa kayan gwamnati kuwa laifi ne da ake ba da takardar tuhuma a kansa. Saboda haka in na leƙa da safe na ga sama ta yi baƙi, sai in zauna a ofis in goge gilashi. In na ga fararen nan sun jeru, sai in hau keke.

Na samu wani fa a saman gonakin Digil, inda duwatsu ke fitowa sosai ta gabas. Nan na mayar wurin aikina. Shekarar nan ruwa ya sauka sau ɗaya mai kyau, mutane suka yi shuka, sai ya ɗauke. Dawa ta tsiro ta ƙone. Aka ɗan samu yayyafi aka sake shuka, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ni duk ina wucewa ta cikin gonakin nan da kekena da hular kwano, ina gaisuwa. Da farko ana amsawa, har ana ba ni ruwa. Daga baya sai na ga ina cewa sannunku da aiki, ana bi na da ido. Ni a wautata na ɗauka keken suke wa hassada.

Ranar da abin ya faru Malam Hammawa ya ce zai bi ni ya ga inda fim ɗin gwamnati ke tafiya. Muka tafi a Landirobar ofis, ya tsaya a gindin fa da lemarsa, ni na hau. Wajen la'asar sai ga shi. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ban sake gani ba. Wani gajimare ya taso daga bayan duwatsu, ya yi ta hawa har ya fi dutsen tsawo, kansa ya baje, cikinsa ya ɗan yi toka, rana ta huda shi ta gefe ta zubo a kan gonaki. Na daidaita, na riƙe numfashi, na danna. Shi ne gurbi na ƙarshe a fim ɗin. A raina na ce shi ke nan, Sabo ya zama ma'aikaci, Sabo ya yi aure.

Ban gama murna ba iska ta taso, gajimaren ya soma yagewa, ya watse ya yi kudu abinsa. Na juyo zan sauka, sai na ga ashe ba ni kaɗai ba ne a kan fa. Mutane ne tsaye da fartanya da sanduna, ga Jauro, wato mai unguwar wurin, yana ta haki don hawan bai yi masa daɗi ba. A gabansu wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da ƙaramin gicciye a wuya, ana ce mata Mama Kuve. Daga baya na ji gonar da ke ƙarƙashin fan tata ce, mijinta ya rasu, jikoki take riƙo. Ba ta yi sallama ba, ta kama igiyar kyamarar da ke wuyana ta naɗe a hannu.

“Kai, ɗan gwamnati,” ta ce. “Ruwa namu, ka ba mu.”

Na ce, “Mama, wane ruwa?”

“Wanda ka sa a akwati. Kullum hadari ya zo, kai ma ka zo. Ka duba shi, ka yi ƙyat, shi ya tafi. Rana da ba ka zo ba, an yi yayyafi. Mu muna gani, mu ba makafi ba.”

Gaskiya kuwa ta faɗa. Duk ranar da suka gan ni ba a yi ruwa ba, tunda ni ranar da ba za a yi ruwa ba nake zaɓa in fito. Amma ku gwada yi wa mai fartanya a hannu wannan bayanin, ku ce masa, “Ai ni na san ba za a yi ruwa ba shi ya sa na zo.” Sai ya tambaye ka wa ya gaya maka.

Nan na yi dabarar da ta ƙarasa ni. Kyamarar irin mai ido biyun nan ce, wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama. Na ce bari in nuna mata ba komai a ciki. Na buɗe murfin saman, na ce ta leƙa. Ta sunkuya ta leƙa. Na manta idon yana kallon gabas. Ga ragowar gajimaren nan a kan gilashin, ƙarami, fes, yana tafiya a hankali cikin akwati. Ta ɗago ta yi wata ƙara da yarensu, sai layi ya kafu. Kowa ya leƙa ya ga hadarinsa da idonsa. Jauro ya leƙa sau biyu, ya ɗago ya dube ni kamar wanda ya kama ɗan maƙwabcinsa a rumbu.

Malam Hammawa ya hauro yana tari. Ya buɗe lema, ya soma lacca a kan yadda rana ke ɗiban ruwa daga teku ya zama tururi, rabi da Hausa rabi da Turanci. Suka saurare shi da ladabi har ya gama. Sai wani dattijo ya ce, “To, Yallaɓai, mun ji. Yanzu a buɗe.” Wasu samari kuma suka gangara suka zauna a kan Landiroba, suna ƙwanƙwasa ta da sanda kamar masu tayin saniya.

Na raɗa masa, “Yallaɓai, in na buɗe bayanta a rana fim ɗin ya ƙone. Hoton kalanda yana ciki.”

Ya dubi motar, ya dube ni. “Sabo, wannan hurumin mai ɗaukar hoto ne. Ka yi amfani da hankalinka.” Ya naɗe lemarsa ya gangara.

Da na nutsu, da na naɗe fim ɗin tukuna ya shige takardarsa, hoton ya tsira. Amma hannun naɗin yana ƙara, ina taɓa shi Mama Kuve ta ja igiya ta ce ina ƙara ɗaure shi ne. Sannan ta saki hannu ɗaya, ta kwance bakin zanenta, ta nuna mini ƙullin irin dawa da bai cika tafi biyu ba.

“Shi ke nan ya rage,” ta ce, muryarta ta sauka. “Na shuka, ya mutu. Na shuka, ya mutu. Wannan in ya mutu, yara za su ci mene? Ɗana, ka buɗe.”

Zan so in ce muku tausayi ne kawai ya sa na buɗe. Tausayin ya kama ni ƙwarai, amma sandunan ma sun taimaka. Na juya kyamarar, na ɓalle bayanta, na zaro fim ɗin na ɗaga shi sama a rana. Makonnin hawan fa, da auren, da gajimaren da ya fi kowane kyau, duk suka tafi a lokaci ɗaya, ba ko ƙara. Mama Kuve ta karɓi akwatin ta kife shi ta girgiza, don kada wani ya maƙale a lungu.

Kuna jiran in ce nan take aka kece da ruwa. Ko ɗigo. Aka yi kwanaki rana na gasa mutane. Malam Hammawa ya ba ni takardar tuhuma kan lalata fim ɗin gwamnati “ba tare da izini ba”, ya ɗage maganar tabbatar da ni, kalanda kuma aka buga ta da hoton famfo. Na haɗu da Mama Kuve a kasuwa ta kawo kuɓewa busasshiya, na ce mata da ɗan haushi, “To Mama, na buɗe, ina ruwan?” Ko a jikinta. Ta ce, “Ka ɗaure shi ya daɗe, ƙafa nashi ya yi tsami. Bari shi ya miƙe.” Cikin makon aka yi ruwan da ya cika mayo, wato rafin garin, har ya hana mota wucewa, ta shuka ƙullinta ya tsiro.

Ƙarshen damina bikin ranar 'yancin kai ya matso. Manyan baƙi za su zo, ga faretin 'yan makaranta, Malam Hammawa kuma shi ne mai shirya fili. Da safiyar ranar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya yi tarin nan nasa har sau uku.

“Sabo, ka san ni ban yarda da camfi ba.”

“Na sani, Yallaɓai.”

“Amma ba abin da zai ragu in ka tsaya a bakin fili ka nuna abin nan gabas. Har a gama. Takardarka tana kan teburina.”

Na ɗauki kyamara na tafi. A hanya na tuna dawar Digil ta fitar da kai, ruwan ƙarshen nan take jira ta yi ƙwaya. Na tsaya a bakin fili, na nuna ta gabas yadda aka umarce ni, ina murza nan ina murza can don ya gani daga rumfa. Murfin idon dai ban cire ba. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma mai ilimi ne, na san kyamara ba ta kama hadari.

Aka yi fareti aka gama a bushe. Motar baƙi ta ƙarshe na fita aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari Malam Hammawa ya sa hannu, aka tabbatar da ni saboda ƙwarewa a aikin hoto, ni da ban kawo hoto ko ɗaya ba. Da kaka Mama Kuve ta aiko mini da dawa cikin ƙwarya, da saƙon wai na yi hankali, kada in sake.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Shugabanka zai bar ka a kan fa, kuma shi zai fara neman tsafin da ya yi wa dariya. Gajimaren da kake jira ya yi kyau, wani a ƙasa jira yake ya zubo, don tuwon 'ya'yansa ne. Na yi shekaru ina ɗaukar sama bayan haka, amma kafin in ɗaga kyamara sai na duba gonar wa nake tsaye a kai, in ba a yi shuka ta kama ba in mayar da ita jaka. Hoton da ya fi kowane kyau a aikina kuwa ni da Mama Kuve da mutanenta ne kawai muka gan shi a cikin akwatin, su ma saura suka tarar.