Ranar da Chilufya Ta Yi Goyo a Turai

Ƙanwata Chilufya ta raina mu, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. Tun muna makarantar mishan a Kitwe take cewa kuskure aka yi aka haife ta a gidanmu. A wurinta tuwonmu na nshima abincin ƙauyawa ne, kifin kapenta wari gare shi, harshenmu na Bemba kuwa na cinikin tumatir ne. Da ta auri Bwembya, injiniya a mahaƙar tagulla, sai ta koma unguwar manya, ta ce daga ranar sunanta Lucinda. Mahaifiyarmu har ta rasu ba ta iya faɗar sunan ba.

'Ya ɗaya ta haifa, Kasuba. Duk wanda ya kira ta Bana Kasuba, wato Maman Kasuba, yadda ake kiran kowace uwa, sai ta yi kamar da wata ake. Goyo kuwa ba ta yi. Ta ce yana lanƙwasa ƙafar yaro, yana kuma yamutsa riga. Saboda haka kowace safiya sai a kawo mini yarinyar gidana, a ɗauke ta da yamma bayan na yi mata wanka. Ina da biyar nawa, ga ta shida. A bayana Kasuba ta yi haƙori, a bayana ta fara magana, kuma ba da Turanci ba.

Yarinyar na da shekara biyu da rabi kamfani ya tura Bwembya Beljiyam ƙaro ilmi na wata uku. Chilufya ta ce ƙafarta ƙafarsa, kuma da yarinyar za ta. Kada wani ya ɗauka kewar 'yar ce ta hana ta barinta. Hoto take so: ita da hular gashi da dogon takalmi, Kasuba cikin keken jarirai, bayansu hasumiyar ƙarfen nan ta Faris. Har Lusaka ta aika aka sayo keken. Mako guda tana gwaji a tsakar gida, tana turawa, yarinyar na tsala ihu kamar an sa ta a tukunya.

Ranar haɗa kaya na sa mata tsohon citengena, zanen da nake goyon yarinyar da shi. Ta fitar. Na mayar, ta sake fitarwa.

Ta ce, "Yaya, Turai za ni fa, ba jana'iza a ƙauye ba."

Na ce to. Da ta juya baya na naɗe dogayen takalmanta a ciki, na ce don kada su goge. Wannan ta yarda.

Sauran labarin daga bakin Bwembya na ji shi. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, shi ya sa bai taɓa samun sukuni a gidansa ba.

Wata ukun sun kusa ƙarewa bai samu ranar kai ta Faris ba. Wata safiya, bayan ya fita aiki, ta ɗauki yarinya da keke da jaka ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai. Dole ta canza jirgi a wani ƙaramin gari kusa da iyaka, wanda har ta mutu ba ta iya faɗar sunansa ba. Wajen sauka ƙafar keken ta maƙale a matakala ta cire. Ga fitsari ya matse ta, ga ban ɗaki a ƙasan bene, ga yarinya na kuka.

A kan benci akwai wata tsohuwar Baturiya da jakarta a cinya. Chilufya, matar da ta shekara goma tana koyon cin abinci da cokali mai yatsu, a nan ta manta da komai. Ta yi abin da kowace mace ke yi a motar Ndola can gida: ta ɗora wa tsohuwar yarinya a cinya, ta ce da Turanci yanzu za ta dawo, ta wuce. Tsohuwar ba ta jin Turanci.

Da fitsari kawai ta yi da ba a ji kansu ba. Sai da ta tsaya gaban madubi ta gyara hular gashi, ta sake jan baki, ta canza zuwa dogon takalmi. Da ta hauro ta ga shagon da ke sayar da katuna masu hoton Faris, ta tsaya zaɓen waɗanda za ta aiko mana mu ji haushi. Ta fi rabin sa'a. Jirgin tsohuwar ya zo, ga ɗiyar mutane a cinyarta. Tsohuwar ta miƙa yarinyar ga ɗan sandan tasha, ta ce wata mata ta yar da 'ya ta gudu.

Da Chilufya ta dawo neman 'yarta, sai aka wuce da ita ofishin 'yan sanda. A can suka nemo wata ma'aikaciya mai jin Turanci. Ta tambayi Chilufya sunan matar da ta ba 'yarta. Ta ce ba ta sani ba. A ina ta san ta? Ba ta san ta ba. To me ya sa ta ba ta?

Ta ce, "Ai tsohuwa ce, kuma zaune take."

Suka rubuta wannan. Sannan suka nemi takardar yarinyar. Sunan Kasuba a fasfon ubanta yake, fasfon kuwa yana aljihunsa a wurin aiki. Nata fasfon na ɗauke da sunan gidanmu, kuma babu wata Lucinda a ciki, alhali sunan da ta fara ba su ke nan. Suka buga waya ma'aikatar, aka ce an fita da ɗalibai rangadi, sai yamma. Ma'aikaciyar ta gaya mata a fili: in ba su gamsu cewa ita ce uwar ba, mota za ta zo ta kai yarinyar gidan renon gwamnati, sauran magana kuma sai gaban alƙali.

Aka shigo da Kasuba a hannun wata 'yar sanda, tana cin biskit. Aka ajiye ta a tsakiyar ɗaki, kowa ya zuba ido. Chilufya ta buɗe hannuwa, ta kira ta da Turancin nan nata na hanci, ta zo wurin mami. Yarinyar ta dube ta kamar yadda ake duban mai karɓar haraji, ta koma ta riƙe siket ɗin 'yar sandan. Chilufya ta sake kira. Yarinyar ta ci gaba da cin biskit. Ba na ganin laifinta. Matar da ta sani ita ce mai tura ta cikin keke.

Ma'aikaciyar ta ɗauki waya za ta kira motar.

Sai a lokacin Chilufya ta cire takalman, ta tsaya ƙafa ba komai a kan siminti. Ta zaro citengen daga jaka, ta kaɗe shi, ta duƙa ta juya baya, ta ce da Bemba, da irin muryar da nake yi in na gaji, "Ke, zo ki hau, kada ki ɓata mini lokaci."

Kasuba ta yar da biskit ta ruga ta haye. Ɗaurin bai yi kyau ba, don ba ta taɓa yi ba, hular gashin ma ta zame gefe, amma kafin ta zaga ɗakin sau uku yarinya ta yi barci. Ma'aikaciyar ta ajiye wayar. Ba su sake ta ba sai da Bwembya ya iso da fasfo wajen ƙarfe biyar, amma ba wanda ya ƙara maganar mota. Ya ce ya tarar da ita a tsaye bakin taga tana jijjiga, Turawa na wucewa suna kallo. Keken a tashar suka baro shi.

In kuna jiran in ce ta canza, ba ku san ta ba. A filin jirgi ta miƙo mini yarinyar da zanen a dunƙule, ta ce ya yi wari. Washegari aka ci gaba da kawo mini Kasuba da safe. Katunan nan kuwa ta sa su a gilashi ta rataye a falo, ta shekara talatin da wani abu tana ba baƙi labarin Faris, garin da ba ta taɓa takawa ba: yadda hasumiyar take, yadda mutanensu ke da tsabta, ba kamar mu ba. Bwembya kuwa sai ya sunkuyar da kai yana shan shayinsa.

Bara ciwo ya kwantar da ita. Kasuba, wadda yanzu take da 'ya'ya uku kuma duk a baya ta goye su, ita ke jinyarta. Na je dubiya na tarar da ɗaki cike da dangi. Ta sa aka matsar da ni kusa da gadon, ta ce ta san Bwembya ya gaya mini tun tuni, kuma ta san bakina, ba za a gama zaman makoki ba sai kowa ya ji. Na ce gaskiya ne.

Ta ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji, ta ce, "To ku ji abin da nake roƙo. Duk mai ba da labarin nan, ya bayar. Amma don Allah ku ce a Faris abin ya faru."