Baƙin Kwal a Gadon Bayan Tokuji

Nagatomo Tokuji ɗan manomi ne, na uku a ɗakinsu, gonar kuwa ko mutum biyu ba ta ci da su. Shi ya sa ya tattara 'yan tsummokaransa ya gangaro garinmu na masu haƙar kwal a tsibirin Kyushu, gemu ko tsiro bai yi masa ba. Kamfani ya ba shi fitilar goshi da ɗaki a layin gidajen ma'aikata, aka haɗa shi rami ɗaya da Ushijima Genzo, wani ƙato mai bakin tsokana da ya girme shi.

Duk wanda ya fito daga rami, gidan wankan kamfani yake fara nufa. To, akwai wani wuri a gadon baya da hannun mutum ba ya kaiwa, can kuma ƙurar kwal ta fi liƙewa. Abokin raminka ne ke cuɗa maka wurin, kai ma ka cuɗa masa. Ba a roƙon bare.

"Juyo, Toku," in ji Genzo kullum. "Gindin tukunya ma ya fi bayan nan naka haske."

"Yaya, a hankali mana! Fata ce fa, ba katako ba."

Haka suka yi shekaru, har Tokuji ya auri Fusae, ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye. Sai manyan masana'antu suka koma amfani da mai, kasuwar kwal ta faɗi, kamfani ya ce zai rage ma'aikata. Ƙungiyar ƙwadago ta kira yajin aiki. Genzo ne a sahun gaba, ya ɗaure goshi da farin ƙyalle, Tokuji yana kafaɗa da kafaɗa da shi a ƙofar rami tun lokacin sanyi har ruwa ya sauka.

Da kamfani ya ga ba su da niyyar lanƙwasawa, sai ya kafa wata sabuwar ƙungiya mai jin maganarsa, ya ce wanda bai shiga ba ya kwashe kayansa daga gida. Tsohuwar Tokuji kuwa tana kwance, ko zama ba ta iyawa. Ina zai kai ta? Wata safiya ya ɗauki fitilarsa ya ratsa ta tsakiyar masu yaji ya koma aiki, kansa a ƙasa. Ana ta yi masa ihu, "Karen kamfani!" Genzo bai zage shi ba. Ina ma ya zaga! Kallonsa kawai ya yi, ya kau da kai.

Yajin ya karye, kowa ya koma aiki, amma gari ya rabe biyu. Ko a gidan wanka, 'yan tsohuwar ƙungiya suna kusurwarsu, 'yan sabuwa suna tasu. Sau ɗaya Tokuji ya yi ƙarfin hali ya matsa da tawul a hannu, ya ce, "Yaya…" Genzo ya watsa ruwa a jikinsa ya fice.

Daga ranar ba wanda ya sake taɓa bayan Tokuji. Baƙin kwal ya zauna masa a wurin, ya kama fata.

"Maigida, kawo in goge maka," in ji Fusae. "Ka gama mini da zannuwa."

"Bar shi. Akwai mai shi."

Abu ɗaya yake jira a duniya, ranar da Genzo zai yafe masa.

Ana nan sai wuta ta tashi a can ƙasa, a ramin da Genzo yake aiki. Aka fito da shi da rai, amma hayaƙin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya daɗe a asibiti. Da ya dawo, ƙaton nan sai dariya kamar yaro, ko sunan 'ya'yansa ba ya riƙewa. Abin tausayi, wallahi.

Wata yamma matar Genzo ta rako shi har ƙofar gidan wanka. Yana shiga ya hango Tokuji, fuskarsa ta washe.

"Kai, Toku! Ina ka shige? Juyo."

Kowa ya juyo yana kallo. Tokuji ya juya masa baya. Genzo ya dage yana cuɗawa, baƙin ruwa na gangarowa.

"Kai, gindin tukunya ma ya fi ka! Wa ya bar ka haka?"

"Yaya, ni ne na ratsa ku ranar nan. Ni na ci amanar yaji. Ka yafe mini."

Genzo ya leƙo fuskarsa yana murmushi. "Wane yaji?"

Nan Tokuji ya fashe da kuka a gaban jama'a, don ya gane wanda zai iya yafe masa bai fito daga ramin ba.

Har aka rufe haƙar kwal a garinmu, Tokuji ne ke ɗauko Genzo kowace yamma, ya cuɗa masa baya, shi ma ya cuɗa masa, sannan ya kai shi gida. Gadon bayan Tokuji ya yi fes. Amma kullum sai ya sake roƙonsa, kullum kuma Genzo ya leƙo da murmushin nan ya ce, "Wane yaji, Toku?"