Tarihin Ikram Ɗahiru Yakasai da Faɗuwar Gabanta

Haihuwa

An haifi Ikram a unguwar Yakasai cikin birnin Kano a shekarar 1999. Mahaifinta, Malam Ɗahiru, tela ne, mahaifiyarta kuwa Malama Aminat.

Karatu

Ta shiga firamare a 2005, ta sauke Alƙur'ani a 2013. Tun a wancan lokaci takan tsaya a hanya ta dafe ƙirji, ta ce gabanta yana faɗuwa. Da yake mahaifinta mutum ne mai yawan fargaba, sai dangi suka yanke hukuncin cewa tsoro ta gada.

"'Yar Ɗahiru ce fa," in ji kakarta Kande, "ko kaza ta gifta sai ta zabura."

Malam Ɗahiru ya yi ta karɓo mata rubutu daga wannan malami zuwa wancan, ya kuma hana a yi zancen mutuwa ko haɗari a gabanta.

Sana'a da aure

Bayan ta kammala sakandare ta koyi ɗinki a wajen mahaifinta. A 2019 aka ɗaura aurenta da Malam Zaharaddeen, ta tare a Gwale. A haihuwarta ta biyu, cikin 2022, ta zubar da jini mai yawa, faɗuwar gaban ta tsananta.

Jinya

A ƙarshen 2023 ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagara, aka kai ta asibiti. Likita ya bayyana cewa ta daɗe da ƙarancin jini, iskar da jinin ke kai wa gaɓoɓi ba ta isa, don haka jiki yake sakin sinadarin da ke zaburar da zuciya, irin wanda yake saki idan an firgita. Shekara da shekaru zuciyar tana gudu har ta gaji.

"To likita, me take tsoro?" in ji mahaifin.

"Baba, ba ta tsoron komai. Jini ne babu."

Rasuwa

An yi mata ƙarin jini, amma wa'adi ya cika. Ta rasu a watan Sha'aban 1445, aka binne ta a maƙabartar Ɗandolo. Allah Ya jiƙanta. Ta bar 'ya'ya biyu, Mustafa da Khadijat.

Ranar sadakar uku masu gaisuwa suka nemi Malam Ɗahiru suka rasa, ashe yana asibiti a layin gwajin jini tare da jikokinsa. Mustafa lafiyarsa ƙalau. Khadijat kuwa an ce jininta bai kai ba, a dawo da ita.