Irin Kawu da Minjiryar Argungu

Mun tashi da asuba daga Nasarawa a Birnin Kebbi, ni da ƙanwata, muka nufi Argungu wurin kawunmu. Ita mai bincike ce a kan tsirrai, ni kuwa ɗan rakiya ne, aikina riƙon jaka. Kuɗin mota ya ƙaru har sai da na yi tsaki, amma koren shinkafa a fadama ya wanke mini zuciya. A tasha muka karya da soyayyen kifi, albasar Augie tana sa mu hawaye.

Iri ne ya kai mu. Kawu yana da wata shinkafa da ya gada wurin mahaifinsa, ambaliyar bara ta cinye gonar, rabin mudu kaɗai ya tsira da shi. Ƙanwata tana son cikin tafi ɗaya. A ɗakin bincikensu suna harba wa iri wutar lantarki gajeriya ƙwarai, ƙiftawar ido ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ta ce ƙwayoyin halittar da ke cikin irin sukan razana su ta da garkuwarsu, to wataƙila tsiron ya fi jure fari da zafi daga baya. Idan kuma wutar ta yi yawa, irin ya mutu. Ba ta ɓoye wa Kawu wannan ba.

Kawu ya ce, "Ɗiyata, dahwa min irin ubana za ki yi? Taho mu tai gulbi tukuna."

A bakin gulbi ya sa wani masunci ya kawo minjirya a ƙwarya, kifin nan mai jan mutum kamar wayar wuta. "Taɓa ta," in ji Kawu, "ki ji abin da za ki yi ma irina."

Ni dai na ja baya, jarumtakata ba ta kai nan ba. Ita ta tattare hijabi ta tsoma yatsa. Ihun da ta yi har masu wanki suka waiwayo! Ta yarfe hannu tana dariya, ta ce ta ji a jikinta, kuma ga ta da ranta.

Kawu sai da ya share hawayen dariya. Da muka koma gidansa ya buɗe tulu ya ɗebo mata tafi biyu. "In ya mutu, ki taho ki hwaɗa min da bakinki," ya ce. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na ga abin da ya rage a tulun.

Mun dawo gida bayan la'asar, ƙullin irin yana kan cinyarta har muka sauka. Na koyi cewa manomi ba ƙin sabon abu yake yi ba, so yake mai kawo shi ya fara ɗanɗanawa.

Ɗazu, bayan 'yan kwanaki, ta aiko mini da hoto, irin da ta harba wa wutar ya tsiro a faranti. Ko zai jure fari, sai gona ta nuna. Na kira Kawu na gaya masa. Sai na ji yana cewa a miƙo masa fartanya.