Farar Allura Kafin Tiyata

Da ana mayar da abin da ya wuce, da na mayar da ranar da na shiga gidanmu na unguwar Nima a Accra da mai allura a bayana. Na tsufa, na manta abubuwa da yawa, amma wannan ba zan manta da shi ba har a rufe ni da ƙasa.

A lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ni da yayana muna dako a Kasuwar Makola. Shi ya kawo ni Accra, shi ne uwa, shi ne uba. Ɗaukar buhuna ya sa masa gwaiwa, likita ya ce sai an yi masa aiki, ya ba shi rana. In na tuna damunar nan, sai in gan ta kamar cikin barci: ruwa yana kiɗa a kan kwano, ƙamshin koko yana shigowa ta taga, Yaya yana zaune a ƙofar ɗaki yana watsa wa tantabarunsa gero.

A Zongo, wato unguwanninmu na baƙi, in mutum zai kwanta asibiti, kowa sai ya kawo abin da yake da shi. Limami ya kawo rubutu, maƙwabta suka kawo addu'a. Ni kuma na ce zan kawo abin da ya fi na kowa. Akwai wani mutum a unguwar Maamobi mai yawo da jaka, yana yi wa mutane allurar fanisilin, fara kamar madara. Mun ɗauke ta sarkin magani, har mai shirin tafiya yakan sa a yi masa.

Na je na ɗauko mutumin har gida. Yaya ya dube shi, ya dube ni, ya yi dariya.

"Auta, likita bai taɓa ni ba tukun, kai ka fara huda ni?"

"Rigakafi ne, Yaya. Kafin wuƙa ta zo, jini ya wanku."

Haka aka riƙa yi masa kullum, har ranar ta zo. A asibiti wata nas mai jin Hausa ta tambaye ni, "Ɗan'uwa, ya sha wani magani a gida? An yi masa allura?" Na ji tsoron kada a kama mai jakar, na ce a'a. Yaya yana kwance, ya kalle ni, bai ƙaryata ni ba. Bai taɓa kunyata ni a gaban mutane ba.

Aka yi aiki lafiya. Bayan 'yan kwanaki ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, ya fara zubar da mugunya. Likitoci suka ɗauko fanisilin ɗin nan dai suna yi masa, zazzaɓi bai sauka ba. Ɗakin fari ne, labule yana motsi da iskar teku, ni kuwa ina zaune a gefen gadonsa. Yaya ya koma magana da mutanen gida. Ya ce yana ganin kogi ya cika, ga Inna a ƙetare tana wanke ƙore.

"Auta, riƙe mini takalmina, zan haye."

A nan na tashi na faɗa wa likita gaskiya. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce allurar da aka daɗe ana yi ba bisa ƙa'ida ba ta kashe raunanan ƙwayoyin cuta, ta bar masu taurin kai, su ne suka shiga ɗinkin. Ya ce da sun sani, da tuni sun nemi wani magani. Suka canza, amma cutar ta riga ta shiga jini. Ranar Juma'a da hantsi Yaya ya cika.

Na san ajali na Allah ne. Amma na san bakin da ya ce a'a, nawa ne.

Shekaru da yawa bayan haka ni ma aka yi mini tiyata. Allura ɗaya suka yi mini dab da shiga ɗakin aiki, likita ya ce ta isa, ba a farawa tun daga gida, kuma wani aikin ma ba ya bukatarta. Na kwanta ina kallon fitila ina hawaye, suka ɗauka tsoron wuƙa nake ji.

Don Allah, 'ya'yana da jikokina, in an sa wa naku ranar aiki, kada ku saya masa maganin kashe ƙwayoyin cuta da sunan rigakafi. Ku bar wa likita ya zaɓi irinsa da lokacinsa. In kuma kun riga kun ba shi, ku faɗa tun ana tambaya. Ni na faɗa, amma a lokacin Yaya ba ya jin muryata.